Daga Ranar Biya Zuwa Ranar Karɓar Makulli: Odar Motar Lantarki a Kudancin Kaduna

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Zancenmu na yau na mota ne, motar da ba ta shan fetur, wadda caji ake yi mata. Na san wani zai ce, "Malam, mu da muke fama da kuɗin acaɓa daga tasha zuwa kasuwa, ina ruwanmu da motar lantarki?" Ɗan dakata tukuna, ɗan uwa. Maganar ta shafi mai odar mota, ta shafi mai odar keke napep ko babur mai batir, ta shafi mai odar kayan sola. Duk wanda zai miƙa kuɗinsa yau a kan kayan da sai bayan watanni zai sa su a ido, da shi nake.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin kowa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. Daga nan mutanen da a da ko kallon motar lantarki ba sa yi suka fara tambaya. Sai ga bidiyoyi suna yawo a WhatsApp da Facebook: mota fes tana sheƙi, leda ba a ma cire daga kujeru ba, dillali na zagaya ta yana cewa, "Ka ba da rabi, cikin sati takwas tana ƙofar gidanka."

Ni dai ba na cikin masu kushe motar nan. Ɗan Arewa ne, Jelani Aliyu na Sakkwato, ya zana surar Chevrolet Volt a Amurka. Lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC mai kula da ƙirar motoci a Najeriya aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, aka kuma yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Tun a ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Motar lantarki tana aiki, ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi balle kafireto. Abin da ke damuna shi ne watannin da ke tsakanin ranar da ka ba da kafin alƙalami da ranar da makulli zai shiga hannunka. A cikin watannin nan farashi yana motsi, kuma dole wani ya ɗauki nauyin ƙarin. In ba a rubuta ko wane ne ba tun farko, to kai ne.

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne kaɗai. A Amurka, kamfanin Rivian ya karɓi dala 1,000 daga hannun dubban mutane a matsayin kamun layi, wasu suka shekara biyu ko uku suna jira. Ranar 1 ga Maris na 2022 sai ya sanar da ƙarin da ya kai kashi 20 cikin ɗari, ya ce har da waɗanda suka daɗe a layi. Mutane suka fusata, suka yi ta soke oda. Bayan kwana biyu shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar wa tsofaffin masu jira farashinsu na da. Kamfanin Ford ya fito da a-kori-kurarsa mai lantarki, F-150 Lightning, a kan kusan dala 40,000. Ana ƙari a kan ƙari, zuwa Maris na 2023 ta kusa dala 60,000. Tesla kuwa ya nuna Cybertruck a Nuwamban 2019 yana cewa za ta fara daga dala 39,900. Sai a ƙarshen Nuwamban 2023 aka miƙa ta farko, kuma mafi arha da aka ambata a ranar ta haura dala 60,000. Shekara huɗu ke nan cur.

Me ya jawo haka? Annobar korona ta rufe masana'antu, aka shiga ƙarancin 'yan mitsi-mitsin na'urorin kwamfuta da ake kira cip, waɗanda mota ɗaya kan ɗauki ɗaruruwansu. Sai a gama haɗa mota tsaf, a ajiye ta a fili saboda rashin abin da bai kai farce girma ba. Sinadarin litiyam da ake yin batir da shi ya ninka fiye da sau goma a kasuwar ƙasar Sin tsakanin farkon 2021 da Nuwamban 2022. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, farashin nikel ya yi tashin da sai da kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikinsa ranar 8 ga Maris na 2022.

Ambaton nikel ya tuna mini da Dangoma, nan cikin ƙaramar hukumar Jama'a, inda a 2016 wani kamfani mai alaƙa da Ostireliya ya sanar da gano nikel, har labarin ya zagaya duniya. Maƙwabtanmu na jihar Nasarawa kuma an buɗe musu masana'antar tace litiyam a Mayun 2024. Dutsen yana ƙarƙashin ƙasarmu, amma batirin sai an tsallaka teku a sayo shi da dala. Wannan abin takaici ne, kuma zai ci shiri guda shi kaɗai.

To ga abin da nake so a riƙe. Waccan tsadar ta duniya ta wuce. Daga ƙarshen 2022 litiyam ya faɗi warwas, ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na darajarsa. A Janairun 2023 Tesla ya zaftare farashi, har waɗanda suka karɓi mota makonni kaɗan kafin nan suka yi cincirindo a shagunansa na ƙasar Sin suna neman a mayar musu da ragowar kuɗi. Kamfanonin Sin irin su BYD suka cika kasuwa da ƙananan motoci masu sauƙi. Ke nan a dala, motar lantarki ta sauko. A naira ne ta hau, domin a daidai lokacin da duniya ke samun sauƙi, a watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwa. Saboda haka in dillali ya ce maka, "Ai kamfani ne ya ƙara kuɗi," ka tambaye shi takardar kamfanin. Sau da yawa za ka tarar kamfani bai ƙara ko sisi ba, canji ne ya gudu.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu yi lissafi tare, misali ne kawai. A ce wani ɗan kasuwar citta a Kwoi ya ga mota ta dala 20,000 a Mayun 2023. A lokacin 'yan canji suna sayar da dala wajen naira 750, motar ta kama naira miliyan 15 ke nan. Ya ba da rabi, miliyan 7 da rabi. Aka ce sati takwas. Sati takwas suka wuce, aka ce launin da ya zaɓa ya ƙare. Aka sauya launi, aka ce ana jiran jirgi. Ana haka har Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500. In dillalin mai amana ne, ya sayi dala 10,000 tun ranar da aka ba shi kuɗi ya tura wa kamfani, to saura dala 10,000, wato naira miliyan 15. Ciwo ne, amma da sauƙi. In kuwa ajiye nairar ya yi a asusunsa, ko ya juya ta a wata harka, to miliyan 7 da rabin nan yanzu dala 5,000 ce kacal. Saura dala 15,000, wato miliyan 22 da rabi. Mota ɗaya, mutum ɗaya, amma bambancin naira miliyan 7 da rabi ya rataya a kan tambaya guda: shin kuɗin da na ba ka, ka mayar da su dala a ranar, ko kuwa? Mutumin da cutar citta ta 2023 ta riga ta cinye masa gona, ina zai samo wannan cikon?

Kuma fa duk wannan motar ba ta taka ƙasar Najeriya ba tukuna. Daga tashoshin ƙasar Sin zuwa Legas jirgin ruwa kan shafe fiye da wata guda. Batirin litiyam yana cikin kayan da dokar sufurin teku ta sa a jerin masu haɗari, don haka ba kowane jirgi ke karɓa ba, masu karɓar ma da ƙarin takardu da ƙarin kuɗi. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wanda ya ce maka zai biyo da ita ta Kwatano don a sami sauƙi, yana neman jefa ka cikin rigima da kwastan ne.

Ranar da ta sauka a tashar Tin Can ko Apapa a Legas, sai waya ta yi ƙara. Ɗan kiliyarin ne. "Oga, kaya sun iso lafiya. Sai dai kwastan sun canza canji, abin da muka lissafa ba zai isa ba. A turo ciko yau, don gobe demorej zai fara hawa." Demorej shi ne kuɗin kwanan kaya a tasha, kullum ƙaruwa yake. A wannan gaɓar mutum ba shi da bakin ciniki. Miliyoyinsa suna can bayan katanga, ko dai ya cika ko ya zuba ido kuɗin kwana na cin motar. Kuɗin fito da dala ake ƙiyasta shi sannan a juya zuwa naira, kuma a farkon 2024 canjin kwastan ya yi ta sauyawa, wani lokaci sau da yawa cikin wata guda. Kukan 'yan kasuwa ne ya sa a Fabrairun shekarar Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a riƙa amfani da canjin ranar da aka buɗe takardar shigo da kaya, wadda ake kira Form M. Don haka ka tambayi dillalinka ko ya buɗe ta, da ranar da ya buɗe. A Oktoban 2024 kuma Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da cire harajin VAT a kan motocin lantarki. In ka ga an lissafa maka shi, ka nemi bayani.

Bayan ta fito, saura hanya. Motar fetur sai a ba direba ya tuƙo ta. Wannan kuwa, tun da mafi yawan wuraren caji na haya suna Legas da Abuja, galibi a bayan tirela za ta zo, ta Lokoja da Abuja da Keffi har Kafanchan. Shi ma kuɗi ne, kuma ba kasafai ake ambatarsa a bidiyon talla ba.

To mece ce mafita? Mu nan ƙasar citta ce, mun san cinikin da ake ba manomi kuɗi tun amfani yana ƙasa. Duk wanda ya taɓa shiga tsakani a irin wannan rigima ya san inda take ɓullowa: ba a faɗi buhu nawa ba, ba a faɗi busasshiya ko ɗanya ba, ba a yanke rana ba, sai kaka ta yi farashi ya tashi kowa ya riƙe nasa zance. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki salam, sun kuma gindaya masa sharuɗɗa: a san kaya da siffarsu, a san adadi, a san kuɗi, a yanke rana. Ko kai Musulmi ne ko Kirista, hankali ya yarda da waɗannan sharuɗɗa, kuma su ne ya kamata su hau takardar odar motarka.

A rubuta sunan motar, da shekarar ƙira, da girman batirinta. Girman batir shi ne zuciyar cinikin, domin mota iri ɗaya kan zo da batir ƙarami da babba, a waje ba ka iya bambance su, a kuɗi kuwa tazarar miliyoyi ce. A rubuta farashi, a fayyace: har ƙofar gida ne a Kafanchan, ko iyakarsa tashar Legas? Da naira aka tsayar ko da dala? In da naira ne, a rubuta ƙarara cewa motsin canji na wuyan mai sayarwa. Zai ɗan ɗora wani abu saboda haka, kuma ya cancanta, gara ka san abin da za ka biya. In da dala ne, a rubuta cewa cikin kwana biyu ko uku zai nuna maka shaidar tura kuɗinka. A yanke rana, a kuma rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce: za a mayar maka da kuɗi, nawa, cikin kwana nawa, kuma da wane canji. Wanda aka mayar wa nairarsa bayan wata tara, adadin ya dawo amma darajar ta tafi.

Kada ka zube kuɗin gaba ɗaya. Ka raba biya gida-gida: kaɗan a farko, wani in an nuna maka lambar jikin motar, wadda ake kira lambar shasi, tare da takardar lodin jirgi mai ɗauke da wannan lambar, ragowar kuma sai ka gan ta da idonka. Ka biya ta banki, cikin asusun kamfani mai rajista da hukumar CAC, ba asusun wani yaron shago ba. Ka sa shaidu biyu, in da hali lauya ya duba.  Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar soke odar da ka bayar tun da wuri, sai dai mai sayarwa na iya cire wani abu daidai gwargwado. Amma hukuma da takarda take aiki. Saƙon murya da "wallahi ka yarda da ni" ba sa tsayawa a gaban alƙali.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Dillalin ɗan cocinku ne, ko tare kuke sahu a masallaci, ko ƙanin matarka ne ya haɗa ku. Sai ka ga kamar neman takarda zargi ne. Iyayena, takardar nan shi ma tana kare shi. Dillalai nagari da yawa sun karye a 2024 ba don sun ci amana ba, sai don sun yi alkawari da baki a kan naira, canji ya tsere musu, zumunci ya lalace a banza.

Akwai kuma maganar "sabuwa". Wasu motocin da ke fitowa daga ƙasar Sin an yi musu rajista a can, sannan a fitar da su a matsayin na hannu alhali ko kilomita ɗari ba su yi ba. A ido sabuwa ce dal, amma garantin kamfani ba lallai ya biyo ta Najeriya ba. In batir ya samu matsala, kuma shi ne mafi tsada a jikin motar, wa za ka kama? Irin waɗannan sukan zo da allo mai rubutun Sinanci, da bakin caji irin na Sin da ake kira GB/T, alhali wasu tashoshin cajin irin na Turai suke da shi, wato CCS2. Ka tambaya tun kafin ka biya, kuma a haɗo maka da wayar caji da mahaɗin da ya dace. Wanda ya samu wadda ta riga ta iso, tana tsaye a shago a Abuja ko Kaduna, ya shiga ya tuƙa, ya biya ya tafi da abarsa, ko da ta ɗara ta oda tsada, a ganina ya fi kwanciyar hankali da mai cinikin biri a sama.

In kuwa ka riga ka ba da oda kana jira, kada watannin su tafi a banza. Ka shirya gida. Batir mai cin yunit 60 na wuta, in a soket ɗin ɗaki za ka jona shi, zai haura awa 20 kafin ya cika daga ƙasa. Da na'urar caji ta bango mai ƙarfin kilowat 7, wajen awa tara ne, amma tana son waya mai kauri, da layinta daban, da waya ta ƙasa mai kyau. Ka kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa, kada a yi jone-jone. Ka je ofishin Kaduna Electric ka tambayi rukunin da layinku yake. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa wajen 209. Ko a wannan farashin, cika batirin bai kai naira 13,000 ba, kuma zai kai ka tafiyar da motar fetur za ta sha fiye da lita 30. A nan ribar take, in akwai wutar. Mun dai ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda.

Shi ya sa mai hali yake haɗawa da sola. Faifan sola na kilowat 5 kan ba da wajen yunit 20 a rana mai haske. Zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa aiki zuwa kasuwa, ba ta cin rabin haka. Sai dai daminarmu doguwa ce, a watan Agusta rana kan yi kwanaki tana ɓuya, sai a yi lissafi da wannan. Tafiyar nesa kuma a rage buri. Kilomitocin da aka rubuta a takardar talla a kan shimfiɗaɗɗen titi aka auna su. Mai hawa Jos, ko ta Hawan Kibo ko ta Manchok, zai ga batir na sauka da sauri a hawa, ko da yake motar kan maido da wani abu a gangara.

Ga ƙungiyoyin gama kai na malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da direbobin keke da ke tunanin haɗa kuɗi a yi odar kekuna masu batir goma ko ashirin a lokaci guda, ina roƙonku ku fara da ɗaya ko biyu. Ku ba direban da kuka yarda da shi, ya yi damina guda da shi a hanyar Kafanchan zuwa Kagoro da cikin unguwanni, yana rubuta awa nawa yake caji, fasinja nawa yake ɗauka kafin batir ya sauka, da abin da ya lalace da inda aka samo kayan gyaransa. Da wannan littafin za ku zauna da dillali a odar gaba, ku kuma nemi a haɗo da batirin ko-ta-kwana da kayan gyara cikin kwantena ɗaya, don kada a sake sabon jira saboda ƙaramin abu.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)